Libarbar Dell Ta Cika a Hannun Mai Wanke Ta

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ya ƙi kwantawa, Eldon Tveit na Port Ansel, a gaɓar tekun Alaska, tare da matar ɗansa, Marnie Tveit, suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk masuntan da ke ɗaure jirgi a tashar garin nan rasuwar libarbar, wato ƙaramar bindigar hannu, ta marigayi Dell Tveit, ɗan Eldon kuma mijin Marnie. Ta cika ranar Laraba da hantsi, a kan teburin rumfar aiki da ke bayan gidan Eldon, bayan wata jinya da mai jinyar ne da kansa ya jawo ta.

Wanda ya ga gawar yau zai ce sharri ake yi mata. Tana nan kwance a kan tsumma, sai sheƙi take yi, gangarta mai ɗaukar harsashi shida tana juyawa ba gargada, kunamarta tana sauka da laushi kamar yau aka ƙera ta. Wendell Pruitt, mai gyaran injin jirgi da bindigogin garin nan, ya duba ta ciki da waje, ya ce za ta iya ƙara shekara hamsin tana aiki. Duk da haka iyalin suna roƙon jama'a kada a zo ana yaba kyan gawar, domin kyan nan shi ne ajalinta.

Ba a san ranar haihuwar marigayiyar ba. Ta zo gidan Tveit ne da girmanta, daga hannun wani tsohon masunci da ya daina fita teku ya koma wurin 'yarsa a kudu. Da farin ƙarfen silba aka ƙera ta, irin wanda ba ya tsatsa, kuma saboda haka Dell ya zaɓe ta, don a nan garin ruwan sama ba ya neman izinin kowa, iskar ma gishiri ne a cikinta. Ta zauna a cikin kube na fata a kan ƙirjinsa duk lokacin da kifin samon ya hau Kogin Marten, lokacin da beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai gashi da farata, ita ma take saukowa neman rabonta, kuma ba ta tambayar ko ragar wa ta tarar.

Iyalin suna shaida cewa marigayiyar ba mai yawan magana ba ce. A duk zamanta da Dell ba ta taɓa ɗaukar ran komai ba. In beyar ta matso fiye da kima, sai ta ce "Tau!" sau ɗaya, ta nufi tsakuwar bakin ruwa, duwatsu su amsa mata daga tsallake, kowa ya kama gabansa. Muryarta ta cikin gida ita aka fi sani. In Dell ya zauna a bakin ƙofa ya zazzage harsasan yana juya gangar da yatsa, sai a ji tana cewa "ƙas, ƙas, ƙas," sannan ta ɗan yi tari, "ƙirr-ƙas," a wani gurbi guda da yashi ya taɓa shiga bai fita ba. Marnie takan gane mijinta ya dawo da wannan tarin tun kafin ta ga fuskarsa.

Halinta guda da ake iya kira aibi, ba ta san wanka ba, kuma wannan laifin mai ita ne. Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Eldon mutum ne da ba ya iya kwanciya in akwai ƙarfe mai datti a ƙarƙashin rufin gidansa. Bindigoginsa na farauta, masu baƙin ƙarfe irin na da, ya shekara hamsin yana bin su da mai da lallausan soson ƙarfe, ko ɗigon tsatsa ba su taɓa yi ba. Ankar jirgi ma in ya ɗago ta daga ruwa sai ya wanke. Ɗansa kuwa in ya dawo daga kogi sai ya rataye kuben a ƙusa ya nufi tukunya. Duk garin nan ya haddace faɗansu.

"Kai, wannan bindiga ce ko cokalin kwasar hanjin kifi?" in ji Eldon.

"Baba, silba ce. Ba ta tsatsa, shi ya sa na saye ta."

"Ita ba ta tsatsa, amma mai ita ya yi tsatsa tun yana tsaye da ƙafarsa."

"To ka zo ka goge ni mana, tsoho," Dell ya ce yana dariya, ya jingina da bakin ƙofar rumfar yadda ya saba, ya tare wa mahaifinsa haske.

A cikin wannan rashin wankan ne marigayiyar ta samu alamar da aka san ta da ita. Wata kaka Dell yana cikin zuba wa kifi gishiri a bakin kogi, hannu duk jini da ruwan gishiri, sai ga beyar da 'ya'yanta sun ɓullo daga cikin ciyawa. Ya zaro libarbar a haka, ta yi maganarta guda, ya mayar da ita kube, bai sake ciro ta ba sai da dusar ƙanƙara ta narke. Ko da ya ciro ta, gishiri da jini sun ci ƙarfen kaɗan, sun bar shatin babban yatsansa a gefen hagu, bayan ganga. Kowane layi ya fito, har da tsagar da ƙugiya ta taɓa yi masa yana yaro. Eldon ya kira abin abin kunya. Dell ya ce ai yanzu ko ta ɓace an san mai ita.

Dell ne ya fara ɓacewa. Ya hau kogi shi kaɗai a ƙarshen wata kaka zai ɗebo raga, ruwa ya yi yawa, washegari aka ga kwalekwalensa a kife ya maƙale a wani kututture. An nema har ƙanƙara ta rufe kogin, an sake nema da ta buɗe. Ko takalminsa ba a samu ba. A maƙabartar bayan coci an kafa dutse da sunansa, amma kowa ya san babu komai a ƙarƙashin dutsen sai ƙasa.

Shekaru suka wuce. Bayan wata ambaliya, matar da ke raba wasiƙu ta fita yawo da karenta, karen ya tono wani abu fari a cikin tsakuwa can ƙasa da inda aka ga kwalekwalen. Kuben ya ruɓe tuni, mariƙin katakon ya kumbura ya tsage, laka ta toshe bututun, amma ƙarfen yana nan yadda yake. 'Yan sanda suka riƙe libarbar na ɗan lokaci suka mayar wa matar Dell. Wendell ya jiƙa ta a mai har gangar ta yarda ta buɗe, ya ciro harsasai shida, babu wanda aka harba. Duk abin da ya faru a kogin ranar nan, marigayiyar tana wurin kuma ba ta ce komai ba. Da Marnie ta share lakar gefen hagu da bakin rigarta, sai ga yatsan.

A nan mai rubuta wannan sanarwa, wanda ya san gidan tun Dell yana rarrafe, yake so jama'a su gane girman rashin. Marnie ba ta da kabarin da za ta tsaya a kai ta ji akwai mutum. Tufafinsa sun daina warinsa tun da daɗewa. Abin da ya rage na jikin Dell a duniya kaf shi ne wannan shatin da bai kai faɗin kwabo ba. Ta ajiye libarbar a kan tagar kicin, babu harsashi, kullum kafin ta tafi masana'antar kifi sai ta ɗora babban yatsanta a kan nasa, ta sha kofinta a tsaye, ta fita. Ba ta yi wa kowa bayani ba, kowa kuma bai tambaya ba.

Eldon yakan zo cin abincin ranar Lahadi bayan coci, ya zauna inda idonsa ba zai kauce wa tagar ba. Yana son abin da ke jikin ƙarfen kamar yadda take son sa, wannan babu shakka. Amma yana ganin busasshiyar laka a cikin sukurori, yana ganin dusashewar ƙarfen da tabon ruwa, sai yatsunsa su riƙa motsi a kan tebur. Hali zanen dutse ne. Ya daure iyakar daurewa, wata Lahadi dai ya kasa.

"'Yata, ki ba ni ita mako guda. Kayan Dell ne, bai kamata a bar su kamar abin da kare ya tono ba."

"Ai kare ne ya tono ta, Baba."

"Shi ya sa. In fitar da lakar, in yi mata sabon mariƙi. Ina da wani katako mai kyau da na ajiye."

Marnie ta ce, "Ka yi duk abin da za ka yi. Wurin yatsan nan kawai, kada ka taɓa min."

"Ni zan taɓa? Yatsan ɗana ne fa."

Haka marigayiyar ta kwanta jinya. Kuma a yi wa Eldon adalci, babu majinyacin da aka taɓa yi wa hidima irin wannan a garin nan. Ya kwance ta gaɓa-gaɓa ya jera a kan farin ƙyalle. Ya yanko ɗan salatif ya rufe yatsan kafin ya taɓa komai. Ya fitar da lakar da tsinke da tsohon buroshin haƙori, ya zura tsumma ta bututun har ya fito fari, ya sassaƙa mariƙi ya shafe shi da mai. A kwanakin nan hazo ya sauko ya zauna a kan garin, ko tashar jirgi ba a gani daga rumfar. Eldon ya gaya wa Wendell daga baya cewa duk sa'ad da ya sunkuya a kan aikin sai hasken ƙofa ya ragu, kamar wani ya jingina a wurin. Bai taɓa waiwayawa ba, don ya san in ya waiwaya babu kowa. Sai dai ya ci gaba da aiki yana mita, "Dubi nan, dubi abin da ka bari," kuma yana jin ana sauraronsa. Ya ce tun da aka ga kwalekwalen nan a kife bai yi mako mai daɗin wannan ba.

Ciwon ajalin ya shigo ne ta hanyar da ba wanda zai zarga. Da ya zo kan tabon ruwan, hannunsa ya miƙa ya ɗauko abin da ya saba ɗaukowa, lallausan soson ƙarfe da ɗigon mai, wanda ya raya masa baƙaƙen bindigoginsa shekara da shekaru. Ya bi jikin da shi a hankali, yana kewaye salatif ɗin. Ƙarfe ya yi haske. Ya ɓare salatif, yatsan yana nan lafiya lau. Sai ya yi abin da kowane mai kula da bindiga yake yi in ya gama, abin da ya yi sau dubbai ba tare da tunani ba: ya ɗauki tsumman man nan da ya yi aiki da shi, ya shafe ta gaba ɗaya daga baki har mariƙi.

Eldon bai taɓa mallakar bindigar silba ba. Bai san cewa soson ƙarfe yana barin ƙurarsa a jikin silba ba, ƙurar da ido ba ya gani, wadda ita tana tsatsa ko da silbar ba ta yi. Tsumman ya kwashi ƙurar nan ya cusa ta cikin kowane layi na yatsan. Iskar gishiri ta ƙarasa sauran. Da ya buɗe ƙyallen bayan 'yan kwanaki zai mayar wa Marnie, sai ya tarar da jajayen ɗige-ɗige ko'ina, kuma yatsan Dell ya koma ja kamar ranar da aka ɗora shi da jini. Ƙarfen da ya yi shekaru a ƙasan kogi bai yi tsatsa ba, ya yi ta a kan teburin mutumin da ya fi kowa tsabta a Port Ansel.

Da ya ɗauke ta a lokacin ya taka zuwa wurin Wendell, da ba a rubuta wannan sanarwa ba. Wendell ya ce akwai wani ruwa mai tsami da ake jiƙa silba a ciki, ya cinye tsatsar ya bar ƙarfen. Amma mutumin da ya yi shekaru yana yi wa ɗansa gori a kan tsatsa ba zai ratsa gari da bindigar ɗan a hannu, ja-wur da tsatsar da shi ya sa mata ba. Kunya da tsoro suka rufe shi. Ya ɗauko man goge ƙarfen jirgi, ya ce kaɗan kawai, a kan auduga, sama-sama. Jan ya tafi. Washegari ya dawo, don ƙurar tana can cikin layukan. Ya ƙara kaɗan. Da wurin ya fi sauran jikin haske sai ya bi sauran jikin don su daidaita. Marnie ta buga waya, ya ce mariƙin ne bai bushe ba. Kullum yakan kai ta bakin taga ya karkata, ya ga layukan suna nan, sun dai yi siriri, ya ce gobe ya daina. Tsagar ƙugiyar ce ta fi daɗewa.

Ranar Laraba da hantsi ya karkata ta a hasken taga, ya sake karkatawa, ya huro mata numfashi ko tururin zai tono wani abu. Bai ga komai ba sai idonsa yana kallonsa daga cikin ƙarfen. Ya juya gangar. Ta ce "ƙas, ƙas, ƙas, ƙas, ƙas, ƙas," lafiyayye, babu tari ko ɗaya, muryar kowace libarba a kowane kanti. Sai a lokacin ya waiwaya. Ƙofar a buɗe take, haske yana shigowa har ƙasan tebur, babu abin da ya tare shi. Garin neman gira an rasa ido.

Bai ɓoye ba, wannan ma a rubuta masa. Ya naɗe ta ya kai wa Marnie da ta tashi daga aiki, ya ajiye a kan teburin kicin ya tsaya, hularsa a hannu. Ta buɗe ƙyallen, ta kai taga, ta ɗora yatsanta inda ta saba. Ta ɗaga, sai ga nata shatin shi kaɗai a kan sheƙin, ya ɗan tsaya ya dushe.

"Ta yi kyau, Baba," in ji ta. "Ka gyara ta sosai."

"Ki zage ni, 'yata. Don Allah ki ce wani abu."

"Me zan ce? Dama ka daɗe kana so ya goge ta."

Ta ɗora ruwan kofi, ta zuba masa, ta zuba wa kanta. Suka sha babu mai kallon wani. Eldon ya ce da ta jefe shi da kofin da ya fi masa sauƙi.

Marigayiyar ta rasu ta bar harsasai shida da ba su taɓa magana ba, suna cikin gwangwani a shagon Wendell. Ta bar tsohon mariƙinta tsagagge, da sabon da ba ta more ba. Ta bar ƙusa a bangon gidan Marnie, da fili a kan tagar kicin inda rana ba ta dusar da fentin ba. Ta bar ƙannenta uku, baƙaƙen bindigogin farauta na Eldon, waɗanda tun ranar Laraba ba a taɓa su da mai ba. Ta bar matar da yanzu take shan kofinta a zaune, da wani tsoho mai shekara saba'in da wani abu da yake shiga rumfarsa da safe ya tsaya ya ba ƙofa baya, yana jira haske ya ragu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan cin abincin rana, a maƙabartar bayan coci, ko da ruwa ko babu. Marnie ce ta yanke cewa a binne ta a ƙarƙashin dutsen mijinta, tunda babu sauran abin da zai riƙe ta a sama. Wendell zai cire mata allurar bugun harsashi tukuna, don ta kwanta shiru. Eldon ne zai haƙa ramin da hannunsa, kuma ya ce kada kowa ya karɓe shi. Ba za a yi wa gawar wanka ba, ta sha wanda ya ishe ta. Fasto ya ce ba zai yi addu'a a kan ƙarfe ba, amma zai zo ya tsaya, in kuma an ambaci sunan Dell zai ce amin.

Za a karɓi gaisuwa a zauren ƙarƙashin coci. Akwai kofi da kyafaffen kifi, mai son kawo tukunya ya kawo kamar yadda aka saba. Allah Ya ba iyalin haƙuri, Ya sa su iya haɗa ido.

Ba a buƙatar furanni. A madadinsu, iyalin suna roƙon duk wanda ke da wani abu da hannun Dell ya bari, ya duba rumfarsa da jirginsa. Ƙulli ne da ya ɗaura a raga ba a kwance ba, ko fenti da ya dangwala a jikin filafili, ko shatin baƙin mai a murfin injin da ya taɓa taya wani gyarawa, komai ƙanƙantarsa, komai dattinsa. Wanda ya samu kada ya share, ya kai wa Marnie hannu da hannu a gidanta. Kada a biyo da shi ta gidan Eldon, kada a ba shi ya riƙe ko na minti ɗaya. Shi da kansa ya roƙa a rubuta haka.